Loda Ta Ƙi Ɗagawa: Kafin Ka Ce Famfo Ne

Duk tsohuwar taraktar da lodar gabanta ta yi sanyi, hukunci ɗaya ake yanke mata a gareji: famfo ya mutu. Sai mai tarakta ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman wani, sabo ko na hannu, ya zuba kuɗin da ya tanada don taki, a ɗaura. A tayar da inji, loda ta ɗaga bokiti da ƙyar kamar jiya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Da yawanmu, musamman 'yan sashen injiniyan noma da na kanikanci, za mu fita siwes ko mu gama mu tarar da irin wannan tarakta tana jiranmu, kuma mai ita zai dube mu ya ce, "To ɗan boko, me ka gani?" Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda nake bin wannan matsala, daga abin da ba ya cin ko sisi zuwa abin da ke cin kuɗi.

Zan yi misali da Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1964 zuwa tsakiyar shekarun 1970, mai injin Perkins na dizal mai silinda 3. Ita da yayarta 165 har yau suna aiki a gonaki, kuma wanda ya fahimci tsarinsu ba zai sha wahala da sauran ba. Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne ba don loda aka ƙera haidurolik ɗinta ba. Tsarin Harry Ferguson ne, an yi shi don ɗaga garma da haro a hannuwan baya. Famfon yana can cikin cikinta, nutse a cikin man giya, mai fistin 4, kuma abin da yake turawa bai kai lita 20 a minti ɗaya ba. Loda baƙuwa ce da aka kawo daga baya aka ce ta ci abinci a wannan ƙaramar tukunya.

Abu biyu ne direba yake haɗawa ya kira su "ba ta da ƙarfi", alhali kowanne da inda ya fito. Akwai yawan man da ke gudana, shi ke ba da sauri. Akwai matsin mai, wanda makanikai ke kira furesha, shi ke ba da ƙarfi. Famfo aikinsa tura mai kawai. Matsi yana tasowa ne idan man ya tarar da abin da ya tare masa hanya, wato kaya a bokiti. Wannan ita ce ƙa'idar Pascal da muka yi a ND 1 muka rubuta a jarrabawa muka manta. Bari mu sa mata lamba. A ce silindar ɗagawa tana da faɗin milimita 60 a ciki. Fuskar fistin ɗinta ta kai kusan santimita murabba'i 28. A matsin ba 170, silinda ɗaya za ta tura nauyin da ya kai kusan kilo 4,900. Idan matsin ya faɗi zuwa ba 100, sai ya koma kusan kilo 2,900. Kada wannan lamba ta ruɗe ka, domin silindar tana turawa ne kusa da gindin hannun loda, bokiti kuwa yana can nesa a ƙarshe, don haka abin da ke isa bakin bokiti ɗan kaso ne na wannan. Ta ɓangaren sauri kuma, idan tafiyar fistin rabin mita ce, silinda biyu za su sha mai lita 2.8 kafin su miƙe. Famfon da ke ba da lita 17 a minti zai cika su cikin daƙiƙa 10. In ka duba agogon wayarka ka ga daƙiƙa 25, to abin da ke isa silinda bai kai lita 7 ba, sauran ya bi wata hanya ko kuma bai shiga famfon ba tun asali.

Saboda haka tambayata ta farko ga direba ita ce: nawa take yi ko kasawa take yi? Tana ɗaga bokiti cike da yashi amma a hankali, ko kuwa tana ɗaga shi da sauri in babu komai, in an cika ta tsaya? Da safe ne ko sai rana ta take? Tun yaushe, kuma me aka taɓa kafin ta fara? Wannan ta ƙarshen ita ce direbobi ba sa son amsawa. Sai ka lallaba, ka ce, "Oga, ba laifi nake nema ba, wane mai aka ƙara mata?"

Kafin a taɓa sifana, a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a motsa libobin loda gaba da baya sau da yawa don matsin da ya maƙale a tiyo ya fita. In dole sai loda tana sama za a yi aikin, a tokare ta da ƙarfe ko gungume mai kauri. Mai ne kaɗai ke riƙe da ita, kuma tiyo ɗaya ya fashe ta sauko kafin mutum ya ce wayyo. Abu na biyu, ba a lalubar yoyo da hannu. Man da ke fita ta ƙaramar huda kamar bakin allura yana iya huda fata ya shiga tsoka, kuma matsin da bai wuce ba 7 ba ya isa ya yi hakan, balle 170. Ciwon zai yi kama da ɗan tsinin ƙaya, amma aikin tiyata ne na gaggawa, in aka kwana da shi ana iya rasa yatsa ko hannu. Kwali ake karawa kusa da tiyo a ga inda ya jiƙe.

Sai mai. A 135 tukunya ɗaya ce: giyabos da aksul na baya da haidurolik duk mai ɗaya suke sha. A auna shi a wuri mai daidai, loda tana ƙasa. Tsofaffin lodoji masu silindar da mai ke shiga ta gefe ɗaya kawai suna kwashe mai daga tukunya yayin ɗagawa, sai sun sauka su mayar. Idan man dama yana bakin ƙasa, loda za ta tashi lafiya zuwa rabi, sannan ta fara tsalle-tsalle ta tsaya, domin famfo ya fara shan iska. Wannan maganinsa galan ɗaya ne na mai.

Launin man kuma labari yake bayarwa. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. A waɗannan taraktoci ƙofar da ruwan sama ya fi bi ita ce robar da ke gindin sandunan giya. Rana ta cinye ta, ta tsage, tarakta ta kwana a waje damina guda. In yana kumfa, iska yake sha, ko don ya yi ƙasa ko don akwai kafa a hanyar zuƙo shi. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya daɗe yana dahuwa. In ka murza shi a yatsa ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, to a nan ne zancen famfo ya fara samun hujja. Akwai kuma ɗabi'ar da ni dai ba na ga maciji da ita, ta zuba duk abin da aka samu: baƙin man da aka juye daga inji, ko man giya mai kauri na manyan motoci mai lamba 140. Mai kauri ba ya bin rariyar famfo da sauƙi, musamman da asubahin hunturu. Famfo ya ja, man bai iso ba, sai ƙananan kumfa su taso a cikinsa su fashe a jikin ƙarfe, suna ɓantarar sa kaɗan-kaɗan. Kukan da ake ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, shi ne. Rariyar da ta toshe da laka da ɓurɓushi ita ma haka take sa famfo ya yi. Wanke ta da kananzir aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma na ga lodar da wannan kaɗai ya tashe ta. Man da ya dace shi ne wanda littafin taraktar ya ambata, irin wanda aka haɗa don giya da haidurolik tare. Ga taraktocin da birkinsu ke cikin mai kuwa, saɓa wannan har birki yake taɓawa.

Yanzu ga wasu abubuwa biyu na 135 da ke sa a zagi famfo ba da haƙƙinsa ba. Na ɗaya, libobin da ke gefen dama na kujera. Don famfon ciki ya riƙa aika mai waje zuwa bawul ɗin loda, sai an ja libar zurfin garma sama gaba ɗaya, ɗayar kuma an kai ta wurin da famfo ke turawa ba tsayawa. A tsohuwar tarakta rubutun wurin ya goge tuntuni, sabon direba bai san da shi ba, liba ta ɗan goce, mai ya ragu ko ya yanke. Wasu kuma an sa masu ɗan bawul a ƙarƙashin kujera mai zaɓar inda mai zai tafi, baya ko gaba. In ya tsaya a tsakiya, sai ya raba hankalin man. Na biyu, kuloci. Mai hawa biyu ne: taka na farko yana tsayar da tafiya, in ka danna har ƙasa sai ya tsayar da shaf ɗin PTO, kuma ta wannan layin famfon ke samun juyi. Direban da ya saba da mota zai tunkari tulin taki, ya take kuloci har ƙasa, ya ja liba, loda ta yi shiru. Ya ɗaga ƙafa, ta motsa. Ya sauko yana cewa famfo yana yi yana ɗaukewa. Lafiyarsa ƙalau, ƙafar direba ce ke kashe shi.

Gwajin da na fi so kyauta ne. Idan loda da hannuwan baya famfo ɗaya suke sha, a ɗaura haro mai nauyi a baya, a mayar da mai can, a ɗaga. In ya tashi da sauri ya tsaya cak ba ya rawa, an wanke famfo da bawul ɗin kariyarsa gaba ɗaya, sai a koma neman ɓarawo tsakanin bawul mai zaɓi da tiyo da bawul ɗin loda da silindu. A nan a duba mahaɗan tiyo masu shiga da ƙarfin hannu, domin wanda bai zauna sosai ba yakan bar mai ya wuce kaɗan ko ya hana shi komawa. Tiyon da ya tsufa kuma yakan saɓule ta ciki ya toshe kansa alhali wajensa sumul. In kuwa baya ma ya kasa, matsalar tana cikin ciki. Ana rage mai, a cire murfin gefe, a tayar da inji a haska fitila. Mai yana zubowa daga sama, to robobin bututun da ke kai mai sama ne ko silindar ciki. Mai yana tafasa daga ƙasa kusa da famfo tun kaya bai kai ya kawo ba, bawul ɗin kariya ne ke saki. Ido kawai ake sawa. Hannu ba ya shiga wannan rami inji na juyawa.

Ba kowace loda ce ke shan famfon ciki ba. Wasu an ɗaura masu nasu famfon a gaba, karanshaf na juya shi ta wani ɗan shaf, man kuma yana cikin jikin ƙarfen lodar ko wani tanki. A irin wannan, haƙoran mahaɗin shaf ɗin sukan cinye: ba kaya yana juya famfo, kaya ya hau sai ya riƙa zamewa. Tiyon zuƙo mai shi ma yakan yi laushi ya lotse in an ba da wuta.

Daga nan sai geji. Gani ya kori ji, kuma abin takaici gareji da yawa suna da komai ban da shi. Geji mai kai ba 250 ko 300, da mahaɗi mai baki uku, a sa a layin da ke shiga bawul ɗin loda. A bar mai ya yi ɗumi, a ba inji wuta matsakaiciya, a kai silinda ƙarshen tafiyarta a riƙe liba daƙiƙa 3 ko 4, kada a wuce, a karanta. Taraktoci irin waɗannan yawanci tsakanin ba 170 da 210 suke saki, ainihin lambar tana littafin kowacce. In allura ta tsaya ƙasa da haka, wuri ɗaya, da sanyi da zafi, kana jin tsaki, bawul ɗin kariya nake fara zargi: ko datti ya hana shi rufewa, ko sifirin ɗinsa ya gaji. A tuna sau da yawa biyu ne, ɗaya a tarakta ɗaya a bawul ɗin loda, kuma wanda ya fi rauni shi ke mulki. In matsin ya cika da safe, bayan awa ɗaya na aiki a zafin Afrilu ya zube, wannan alamar lalacewa ce ta ciki: mai ya tsinke da zafi yana sulalewa ta gefen ƙarfen da ya cinye. In allura tana karkarwa, ko iska ce ko ɗaya daga cikin bawulolin famfon mai fistin ya daina kamawa.

Akwai masu cusa wa sifirin ɗin bawul ɗin kariya washa don "a ƙara mata ƙarfi" ba tare da geji ba. Loda za ta ɗaga, gaskiya ne. Amma wannan bawul shi ne fis ɗin tsarin, kuma aksul ɗin gaba na 135 da sitiyarinta ba a yi su don dakon abin da ya wuce kima ba. Abin da zai biya bashin ko tiyo ne, ko famfon da ake tattali, ko ƙafar gaba.

Matsalar da ta fi ba ni sha'awa ita ce loda mai saukowa da kanta. Ka ɗaga, ka saki liba, ta riƙa zamewa ƙasa a hankali. Kowa zai ce sil ɗin fistin ne. A silinda mai shan mai ta gefe ɗaya maganar ba ta da wuya: in sil ya mutu za ka ga mai a waje yana bin sanda ko yana fita ta hudar numfashi, in waje a bushe yake, man ta bawul yake komawa. Amma a silinda mai shan mai ta gefe biyu, lissafin ya fi haka daɗi. Ka ɗauka sil ɗin fistin ya mutu murus, bawul kuma ya rufe ƙofofi biyu ruf. Kaya yana danna sanda tana son shiga cikin silinda. Don ta shiga, dole man da ya kai girman sandar ya fita daga silindar, kuma ba shi da ƙofa. Mai ba ya matsuwa. Saboda haka loda za ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya. Abin da ya canza shi ne matsi ya daidaita a gefe biyu na fistin, kayan ya koma kan faɗin sanda kaɗai. In sandar milimita 35 ce, fuskarta bai kai santimita murabba'i 10 ba, don haka kayan da ba 60 ke riƙewa a da yanzu yana neman kusan ba 176. Wannan ƙarin matsin shi ke tilasta mai ta gefen sandar bawul ko ta sil ɗin bakin silinda. Ma'ana, in loda tana sauka har ƙasa kuma babu ɗigo a waje, mai yana ratsa bawul, ko da sil ɗin ma yana da nasa laifin. Silindar bokiti daban take a lodojin da kaya ke jan sanda waje: a nan mutuwar sil kaɗai ta isa ta sa bokiti ya riƙa kifewa.

Raba gardama ba wuya. A miƙar da silinda har ƙarshe, a tokare loda, a kashe inji a saki matsi, a kwance tiyon gefen sanda a toshe shi, a bar ƙofar silindar a buɗe da gwangwani a ƙasa. A tayar, a ja liba ta ɗagawa. Ɗan ɗigo ba komai. In mai ya riƙa zuba, sil ya tafi. In ba ka son kwance komai, ka yi aiki da ita na ɗan lokaci ka taɓa jikin silindun biyu da bayan hannu: wadda mai ke ratsa fistin ɗinta takan fi 'yar uwarta zafi. Zafi a haidurolik ko'ina ka same shi alama ce ta wurin da mai ke matsewa ta ƙaramar kafa ba tare da ya yi aiki ba. Kafin a sa sabon sil kuma a shafa sandar a ji. Ƙurar hunturu da tsatsa da ɓawon kurom da ya tashi za su yanka sabo cikin mako biyu, a dawo ana cewa sil ɗin jabu ne.

To, wani lokacin famfon ne da gaske. Tarakta mai shekara 50 tana da haƙƙin gajiya. Idan mai ya cika kuma mai kyau ne, rariya a wanke, liba a wurinta, bawul ɗin kariya ya ci gwaji, ba yoyo a bututun ciki, amma matsi yana faɗuwa da zafi kuma loda mai kaya tana ninka lokacin da take ɗauka in babu kaya, sai a sauke shi. Famfon 135 ana iya gyara shi, akwai kayan cikinsa da ake sayarwa, fistin da zobba da bawuloli, don haka a buɗe a auna kafin a yi cinikin sabo. Ko gyara aka yi ko sauyi, a juye tsohon mai duka, a wanke ƙasan tukunya da hannu har sai tsumma ya fito ba ƙyalli, a zubar da man da ya rage a silindu da tiyo, a sa sabbin robobin sandunan giya. Garin ƙarfen tsohon famfo yana nan kwance a kowane lungu, kuma da zarar an tayar da inji, rariyar sabon zai fara nufa.